Wa zai ce a cire na'urar?

Labarin iyalin nan da suka kai likitoci kotu don kada a cire wa ɗansu na'urar numfashi ya taɓa min zuciya. Masu cewa iyayen taurin kai suke yi, don Allah ku sassauta. Kwana 11 na yi a gefen mahaifina, bututu a maƙogwaronsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙarfin inji, hannunsa da ɗumi cikin nawa. Muddin ɗumin nan na tafinka, wuya ne ka yarda ya tafi.

Sai dai mutuwar ƙwaƙwalwa daban, doguwar suma daban. A 1986 Majalisar Fiƙihun Musulunci, a taronta na Amman a ƙasar Jordan, ta halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba ta dawowa. Terri Schiavo kuwa, wata mata a Amurka da ta shekara da shekaru kwance ba ta cikin hayyacinta, da kanta take numfashi. Kan cire mata bututun abinci ne mijinta da iyayenta suka shekara bakwai a kotu har 2005, domin ba ta bar wasiyya a rubuce kan abin da take so a yi mata ba.

Mu ma Baba bai taɓa faɗa mana abin da yake so ba. Ni da yayata muka yi ta gardama a ƙofar ɗaki, kowa na hawaye.