Jirgin Alakai: a gina da kuɗin talaka, a bar talaka a bakin gaɓa

Wallahi duk lokacin da na bi tarihin jirgin ruwan nan Alakai sai raina ya ɓaci. Jihar Hawai ta Amurka tsibirai ce zube cikin teku, amma yau idan manomi a tsibirin Maui yana son kai kayan lambunsa kasuwar Honolulu, babban birnin jihar da ke wani tsibirin, da motarsa, ba shi da hanya. Ko ya sayi tikitin jirgin sama, ko ya ɗora motar a jirgin dakon kaya ya zauna jira. Alhali an taɓa kawo musu jirgi, sabo fil, kuma yana aiki.

Kamfanin Austal ne ya ƙera shi a Mobile ta jihar Alabama. Gangar jiki biyu gare shi, tsawonsa ya haura mita 100, yana ɗaukar mutum 866 da ƙananan motoci 282, yana gudun kusan kilomita 65 a awa. Daga Honolulu zuwa Kahului da ke Maui awa uku ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Gwamnatin tarayya ta tsaya wa kamfanin Hawaii Superferry lamunin kusan dala miliyan 140, jiha kuma ta zuba wajen miliyan 40 a gyaran tashoshi.

To me ya kashe shi? Ganganci da son yanke. Dokar jihar ta ce a binciki illar aiki irin wannan ga muhalli kafin a fara. Mutane sun yi ta magana: jirgi mai wannan gudu zai iya banke manyan dabbobin tekun da ke zuwa haihuwa a ruwan tsibiran lokacin sanyi, motoci kuma za su riƙa ɗauko ƙwari da ciyayi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ma'aikatar sufuri ta toshe kunne, ta ce ba sai an yi ba. A Agustan 2007 kotun ƙolin jihar ta ce sai an yi. Maimakon a dakata, sai kamfani ya yi sauri ya buɗe harka da tikitin dala 5! A tsibirin Kauai masu adawa da jirgin suka faɗa ruwa da allunansu na wasan hawan igiyar ruwa suka tare bakin tashar Nawiliwili, jirgi ya juya.

Nan ma ba a hankalta ba. Gwamna Linda Lingle ta kira zaman majalisa na musamman, aka ɗinka doka daidai wuyan kamfani ɗaya don ya ci gaba da jigila. A Maris 2009 kotu ta soke ta, ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Cikin kwanaki jirgi ya tsaya, ma'aikata sama da 200 suka rasa abinci, kamfani ya durƙushe. Kuma ku tuna, shekara guda kafin nan kamfanin jiragen sama na Aloha ya rufe, wato daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar wata hanya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗan'uwansa Huakai, jirgi na biyu da aka ƙera wa kamfanin. An gama ƙera shi, bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya a Hawai ba. Aikinsa na farko na kirki kai agaji ne Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. A 2012 rundunar sojin ruwan Amurka ta karɓe jiragen biyu a kan dala miliyan 35 kacal. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Huakai ya koma USNS Guam, yana jigilar sojoji daga tsibirin Okinawa na Japan. Alakai aka raɗa masa Puerto Rico na ɗan lokaci.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2016 aka ba kamfanin Bay Ferries hayar Alakai, ya zama The CAT tsakanin jihar Maine ta Amurka da garin Yarmouth na lardin Nova Scotia a Kanada. Aka ce za a mayar da tashar ɓangaren Maine daga Portland zuwa Bar Harbor a 2019, ba a gama ginin ofishin kwastan ba, shekarar ta wuce babu tafiya ko ɗaya. Korona ta cinye 2020 da 2021, wannan kam ba laifin kowa ba ne. Amma ta 2019 fa? Masu otal da gidajen abinci a Yarmouth suna zaune suna kallon teku, gwamnatin Nova Scotia kuwa tana ta biyan tallafi daga harajinsu. Sai 2022 jirgin ya sake ɗaukar fasinja.