Ƙarfe tara cif aka rufe Littafi

Larabar da ta wuce wani abu ya faru a falona, har yau ban huce ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Shekarata uku a Leeds, ƙasar Ingila, ina aikin kula da tsofaffi. Bara fastonmu ya ce tunda ina da falo kuma ina da baki, me zai hana in buɗe nazarin Littafi Mai Tsarki a gidana. Na ce to, ni fa 'yar cocin ECWA ce daga Kaltungo a ƙasar Tangale, tun ina goye ake zuwa Zumuntar Mata da ni, wannan ai ba baƙon abu ba ne. Ashe ban san komai ba.

Nan komai a tsare yake. Sai da na zauna horo na rabin yini, aka ba ni ɗan littafin tambayoyi kan Markus, sura bibbiyu na sati takwas. Mutum takwas zuwa goma, in sun fi sha biyu a raba. Bakwai da rabi na yamma ƙararrawar ƙofa ta fara kaɗawa, kowa ya rataye rigar sanyinsa, shayi da biskit na minti sha biyar, sannan a zauna a zagaye kowa da kofi a gwiwa. Wanda ya koyar da mu ya ce shugaba ba mai wa'azi ba ne, aikinsa ya jefa tambaya ya kama bakinsa, in shiru ya yi yawa ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake magana. Ni da na tashi inda dattijo zai kama aya ɗaya ya yi awa guda a kanta muna ta "amin Baba", ƙirgan nan ya ba ni wahala ba kaɗan ba. Tara na bugawa a rufe Littafi, ko a tsakiyar aya ake.

Kar in ci haƙƙinsu, suna karantawa kafin su zo. Wata ta taɓa cewa ita fa ba ta gane dalilin da Yesu ya la'anta itacen ɓaure a Markus 11 ba tunda Markus da kansa ya ce ba lokacin 'ya'ya ba ne, kuma ba wanda ya ce mata bangaskiyarta ta yi sanyi. Abin da aka faɗa a falo kuma nan ake binne shi. Mu kam kun sani, ki kawo roƙon addu'a da yamma, da safe ki tsince shi a kasuwar Billiri.

To ran nan akwai wani tsoho a cikinmu da matarsa ta rasu sati biyu baya, bayan shekara arba'in da aure. Lokacin addu'a ya fara magana murya ta ƙi fita. Muka yi masa addu'a, aka miƙa masa kati da kowa ya sa hannu, sai na ga wata ta saci kallon agogo. Tara da minti biyar daga ni sai kofuna. Bawan Allah ya ja motarsa ya koma gidan da ba kowa ciki. Washegari na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp na ce mu je mu zauna da shi, aka amsa min cikin ladabi wai a bar shi ya huta, kar mu takura masa.

Haba jama'a, takura?

Ku da ke gida ba sai na ba ku labari ba. Kafin a gama sanar da dangi mata sun ɗaura zanen zumunta, tukwane sun hau murhu, ana Littafin Waƙoƙi har asuba. Tun zuwan mishan ƙasar Tangale a 1917, kafin ma a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kakanninmu da yawa ba su iya karatu ba, amma Galatiyawa 6:2 da ta ce ku ɗauki nauyin juna, a kansu suka ɗauke ta kamar tulu. Ayyukan Manzanni 2:46 ma ai gida-gida ta ce, suna cin abinci tare, ni ban ga inda aka rubuta ƙarfe nawa za a tashi ba. In mun gama Markus kaf, mun amsa duk tambayoyin, amma ɗayanmu na kwana shi kaɗai da baƙin ciki, me muka nazarta?

Na san za a ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wataƙila tsohon shi kansa shirun yake so. Ni dai da Babana ya rasu ban so shi ba. Kuɗin jirgi ba su haɗu ba, a waya na kalli jana'izar, ƙanwata na riƙe da ita tana rawa a hannunta, ina jin muryoyin matan da suka raine ni suna waƙa, ni ina zaune kan gado da kayan aiki a jikina dan dare zan shiga. Kati da furanni aka aiko min. Katin na nan manne a firji.

Ran Juma'a na zuba shinkafa da miya a kula na tafi gidan tsohon ban gaya wa kowa ba. Ya buɗe ƙofa ya tsaya yana kallona, sai ya matsa gefe. Awa biyu yana nuna min hotunan aurensu, ko Littafi ba mu buɗe ba, ya ce barkonon ya yi yawa amma ya ƙara. Kulata na wajensa har yanzu, jibi zan je karɓa.