Yadda na harba bokitin mai shayi a Agege

Masu turo mini hoton ɗan sama jannati a WhatsApp tun shekaranjiya, na gani, Allah ya bar zumunci. Amma tunda kowa ya ba da nasa labarin, har da waɗanda a daren suna can Mil 12 suna sauke tumatir, bari ni ma mai abin in faɗi nawa.

Bayan Magariba ne, a teburin mai shayinmu na kusa da layin dogo. Babu wuta a unguwa, sama ta yi tas. Sai ga wani haske ya taso daga yamma yana yin gabas, ba ƙyaftawa, ba ƙara. Wani ya ce jirgi ne zai sauka Ikeja, wani ya yi a'uziyya. Na ce musu tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, tana kimanin kilomita 400 a samanmu, da mutane a ciki, hasken rana ne yake dukanta shi ya sa ake ganinta da farkon dare. Aka ce ikon Allah, kowa ya koma kan kofinsa. Da magana ta mutu a nan ba don mutumin nan ba.

Kun san shi. Mai saita dish, wanda ko wajen jana'iza da 'yar mitarsa a wuya yake zuwa. Ya gama tauna burodinsa, burodin da ni na biya, ya ce wai abin da ya hana ta faɗowa shi ne a can sama ƙasa ba ta jan komai, shi ya sa ake ganin Turawa suna shawagi a ciki. Ya ƙara da cewa tauraron ɗan Adam a tsaye yake cak, domin shi tun da ya fara sana'a bai taɓa komawa gidan wani ya juya dish saboda satalayit ya matsa ba. Jama'a suka hau gyaɗa kai. Ni kuwa lissafi nake koyarwa, da shi nake ci da shi nake sha, a gabana kuma a ce haka?

Na ajiye kofi. Na ce kilomita 400 ba wani nisa ba ne a wajen duniyar da daga tsakiyarta zuwa inda muke zaune ya haura kilomita 6,300. A tsayin da tashar nan take, ƙarfin jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke danne mu a kan bencin nan. Inda ma aka saba cewa sararin samaniya ya fara, kilomita 100 ne kawai. Ibadan ta fi shi nisa. Tashar nan faɗowa take yi, dare da rana, ita da mutanen cikinta tare, shi ya sa suke jin ba su da nauyi. Abin da ya sa ba ta taɓa isowa, kuskure ƙasa take yi.

Kawu mai goro ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, abin da ya faɗo daga sama ya kuskure ƙasa duk faɗinta, ai sai dai aljani." Aka kwashe da dariya. Ladan ya ce shi dai ya san ikon Allah ne ke riƙe da ita. Na ce ƙwarai, Allah gafarta Malam, amma ikon nan yana da lissafi, kuma an bar mana ƙofar mu lissafa.

Na kawo musu misalin Isaac Newton, masanin nan na Ingila, na sama da shekara 300 da suka wuce. A kai igwa kan dutse mai tsawon gaske, a harba ta a kwance. Harsashi zai yi gaba ya faɗi. A ƙara albarushi, zai faɗi can nesa. To duk abin da aka saki yana faɗuwar kusan mita 5 a daƙiƙar farko, ita kuma duniya saboda ƙwallo ce, a duk kilomita 8 tana lanƙwashewa ƙasa da kusan mita 5. Idan harsashin ya ci kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, daidai abin da ya faɗa daidai abin da ƙasa ta zame masa. Sai ya yi ta faɗuwa yana zagaya duniya, har ya dawo ya samu mai igwar ta ƙeya. Tashar da muka gani tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana gama zagaye a minti 90 da 'yan kai, mutanen ciki suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Daga Legas zuwa Kano a miƙe ba ta kai minti 2 ba.

Direban tirelar nan da ke kwana a masallaci ya ce, "Minti biyu? Ba a tsayar da ita a hanya?" A nan na ji jama'a sun fara dawowa wajena, kaina ya ɗau zafi. Na shiga bayanin roka, cewa hawa sama shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin samun wannan gudun na gefe, shi ya sa roka da ta ɗan tashi sai ta karkata ta kwanta, yawanci ta nufi gabas, don duniya da kanta tana juyawa gabas da gudun kusan kilomita 1,670 a awa a kan layin ikweta, wato layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, ka ga an samu na kyauta. Shi ya sa Turawa suke ɗaukar rokokinsu har Kourou a Kudancin Amurka, kusa da ikweta, su harba. Kuma kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka mai ne, tana tafe tana yar da tankunan da suka ƙare.

Mutumin nan ya ce duk wannan Turanci ne, a ba shi amsar dish. Na ce ga ta. Duk yadda tauraro ya yi nisa, jan ƙasa yana raguwa, gudun da yake buƙata ya ragu, zagayen kuma ya ƙara tsawo. Wata yana can wajen kilomita 384,000, zagayensa kwana 27 da ɗoriya. Tsakanin minti 90 da kwana 27 dole akwai inda zagaye yake ɗaukar kwana ɗaya daidai, wurin kuwa kilomita 35,786 ne a saman ikweta. Tauraron da ke can yana gudun wajen kilomita 11,000 a awa, amma tare yake juyawa da duniya, shi ya sa kai da kake kan rufin gidan mutane kake ganin kamar a tsaye yake. Namu na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disambar 2011, a can yake, a digiri 42.5 ta gabas. Ya ce ai ya fi ni sanin 42.5, kullum tana cikin mitarsa, kuma wanda ya riga shi ai faɗowa ya yi. Na ce ba faɗowa ya yi ba, an harba shi a 2007, a Nuwamban 2008 fuka-fukansa na sola suka samu matsala wutarsa ta mutu. Yaron nan mai cajin waya ya ce, "Au, har a can ma ɗauke wuta ake yi?"

To a nan fa ne. Kawu ya ce shi ba ya gane lissafin baki, a nuna masa ya gani da ido. Na ce a ba ni buta da igiya. Mai shayi ya hana butarsa. Wa ya miƙe tsam ya zagaya bayan tebur ya ɗauko ɗan bokitin fentin da ake ɗauraye kofuna? Mutumin nan. Wa ya kwance igiyar shanyar Iya mai burodi ya ƙulla a marikin da hannunsa? Shi. Kuma duk wanda ke zama a teburin nan ya san marikin bokitin nan da wayar wuta aka ɗaure shi tun damina. Ni ban sani ba, don ni ba na leƙa bayan teburin mutane.

Na fita fili. Na ce bokiti shi ne tauraro, ni ne duniya, igiya ita ce jan ƙasa. Na fara wulwulawa a saman kaina, ruwa ko ɗigo bai zuba ba. Wallahi abin ya yi kyau, a tambayi kowa. Yara suka taru, Iya ta fito tana faɗa da Yarbanci a kan igiyarta amma ita ma ta tsaya kallo. Ina wulwulawa ina bayani, na ce ku lura, da za a cire jan ƙasa, tauraro ba zai tsaya cak ba kamar yadda wasu jahilai ke faɗa, zai miƙe ne sambal ta inda ya fuskanta a lokacin. Sannan na ƙara sakin igiya don in nuna na nesa, mai kwana ɗaya.

Na ji hannuna ya yi sakayau.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba, amma na ga komai a hankali. Na ga bokiti ya bar igiya. Na ga ya miƙe, bai karkata dama ko hagu ba, bakinsa a gaba. Na ga Alhaji ya ɓullo daga lungun masallaci cikin farar shadda mai aiki, sabuwa dal, sitati na ƙara, za shi walimar da kuka sani, yaransa biyu a baya. Eh, Alhajin. Wanda kun san abin da ke kai ni ƙofar gidansa duk Alhamis da Lahadi, wanda tun da nake ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Bokitin bai same shi ba, wannan ina so a rubuta, a gabansa ya dira. Ruwan ne ya ci gaba da tafiya. Ruwan da tun La'asar ake ɗauraye kofin shayi da na Milo da farantin ƙwai a ciki.

Wurin ya yi tsit, har rediyon mai shayi kamar ta rage murya. Shadda ta koma kalar ƙasa daga wuya zuwa gwiwa. Wani ganyen shayi na jaka ya maƙale a gaban hularsa, zaren yana lilo daidai tsakanin idanunsa. Ni kuma, kamar yadda aka gaya mini daga baya, kuma na gani a bidiyo, hannuna bai daina wulwula igiya ba. Ina tsaye baki buɗe, igiya na ta zagaya kaina da mariki a bakinta, fiu, fiu, fiu.

Na yar da igiya, na cire takalmi, na durƙusa. Zuciyata ta shirya "Baba, don Allah a yi haƙuri". Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ka ga a miƙe ya tafi ko?"

Alhaji bai ce komai ba. Ya sa yatsu biyu ya cire ganyen shayin, ya dube shi, ya miƙa wa yaronsa kamar wani abin ajiya. Sannan ya ce, a hankali, "Malam, a makarantar ma haka kake koya wa yaran?" Na ce a'a, Baba, a can da alli ne. Ya ce, "To madalla. Allah ya ƙara basira." Ya juya ya koma gida, takalminsa na ƙara caɓal caɓal. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Bidiyon kuwa kun san wanda ya ɗauka. Ku tambayi kanku, mutumin da bai san mariki zai cire ba, me ya sa ya koma bayan kiyos ya saita waya tun kafin in fara? Kowa yana gaba yana kallo, shi kaɗai ya nemi mafaka. Wannan mutumin naira 7,000 nake binsa tun kafin azumi, ya ce zai sayi tsani. Har yau da tsanin Kawu yake aiki. Shi ne ya saita mini dish a bara, ko hadari ya haɗu a Ikorodu sai hotona ya daskare, na yi magana ya ce wai satalayit ne ya gaji. Satalayit ɗin da ya ce a tsaye yake, me ya gajiyar da shi? Kuma ya yanke farkon bidiyon, inda na faɗi abin da zai faru kafin ya faru, ya bar daga tashin bokiti zuwa durƙusona, ya sa masa kiɗa. Jiya na ji shi a bakin masallaci yana gaya wa mutane wai ya ci gardama, tunda ga shi tauraron Malam ya faɗo. Kuma akwai masu gyaɗa masa kai, har da Ladan.

Shaddar tana wajen mai wanki, ya ce Milo yana fita amma man ƙwai sai an gani. Alhamis ban je ba. An aiko ƙanin 'yar Alhajin da nake zuwa zance wajenta da saƙo wai a gida yanzu ko buta aka ɗauka sai ƙannenta sun ce a kauce. Iya ta karɓi igiyarta ta ce kada in ƙara. Mai shayi kuma ya ce ba zai sake ba ni bashi ba sai na kawo bokiti, kuma wai irin nasa yake so, na fenti, mai lita huɗu. Wanda duk ake fenti a gidansu ya yi mini magana kafin Asabar.