Siminti ne babban abokin gabar gidajen nan

Na ji daɗin wani labari da na karanta kan gyaran tsofaffin gidajen katako na ƙauyukan Ingila, sai dai an tsaya ga kyawunsu a hoto, ba a faɗi abin da ya riƙe su ɗaruruwan shekaru ba.

Ku dubi gidan su Anne Hathaway, matar shahararren marubucin nan Shakespeare, a Shottery kusa da Stratford. Ɓangarensa mafi tsufa tun 1463 yake tsaye. Magina kan samo itacen oak mai lanƙwasa, su tsaga shi biyu, su kafa ɓarin biyu suna fuskantar juna har su haɗu a sama, su ne ke ɗauke da jinka. Tun yana ɗanye ake sassaƙa shi, a fafe rami a zura wani cikin wani, a datse da turakun itace. Tsakanin katakan kuma a saƙa tsumagu, a yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa taka ƙasar gini da ƙafarsa ya san wannan kwaɓin.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu gyara da siminti. Laka na shan ruwa ta bushe, shi kuwa siminti in ya tsage ruwa ya shiga, ba ya fita, sai katakon ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Haka na ga an yi wa wani tsohon soro a unguwarmu, damina uku yaɓen ya ɓanɓare ya zubo da ƙasar bangon.