Wutar daji da masu zaman da ake raina aikinsu

Shekarar da damina ta yi albarka a arewacin Nijar, ita ce shekarar da gaban makiyayi ke faɗuwa. Ciyawa ta cika dazukan Abalak, Cintabaradan, Barmo, Tanut da Ingal, ruwa ya ɗauke, ta bushe ƙamas a watan Oktoba, sai iskar hunturu ta kunno kai. Daga nan garwashin shayi da aka tashi aka bari bai mutu ba, ko guntun sigari, ko wutar masu farautar gafiya, ya isa ya lashe abincin dubban dabbobi a dare guda.

Idan hakan ta faru, hotuna kan cika Facebook: maza da rassan itace suna dukan wuta, idanu jajur da hayaƙi. Allah ya saka musu da alheri. Amma ni yau maganar waɗanda ba a ɗaukar hotonsu nake so mu yi, wato masu kiran taro, masu rubuta sunaye, masu bin ardo da mai gari da jami'an gandun daji har su zaunar da su a tabarma ɗaya. Sau da yawa za ka ji ana cewa ai surutu kawai suke yi suna cin kuɗin zama. Wannan magana tana ƙona mini rai.

Dubi yadda ake yin hanyar tare wuta. Fili ne ake sharewa tas, faɗinsa kamar mita 15 zuwa 20, tsawonsa kilomita da dama, a gitta shi a gaban iska, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci. Manjagara da amalanke kawai aikin yake so, ba wata fasaha. Abin da ke da wuya shi ne tambayoyin da ke gabansa. Ta ina za ta bi? Wa za a ɗauka aiki, kuma nawa za a biya shi? Ciyawar da aka tara ta wace ce, tunda a bazara kuɗi ce? Idan mutanen gari suka kwashe aikin aka bar na ruga, gobe wa zai fito da dare in hayaƙi ya tashi? Duk wannan sai an zauna, an yi gardama, an rubuta, an sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: Bafulatani ko Buzun da ke kiwo a wurin shekara da shekaru ya fi taswirar ofis sanin kwarin da wuta ta saba biyowa.

Sai dai ba kowane taro nake karewa ba. Taron da aka yi a ɗakin otel a Tawa ko Maraɗi, da Faransanci, ba makiyayi ko ɗaya, ba mace ko ɗaya daga cikin masu hura wutar girki a ruga, wannan ɓata kuɗi ne. Mutanen da ake nema suna bakin rijiya, suna kasuwar dabbobi, suna Ingal a watan Satumba lokacin bikin lasar gishiri. Can ya kamata a same su, a yi magana da Fulatanci da Buzanci da Hausa, gidajen rediyon karkara su maimaita. Kuma a je da niyyar saurare. Mutumin da aka fara da yi masa barazanar tara ba zai gaya maka inda wuta ta tashi ba.

Doka akwai ta. Nijar tana da kundin dokokin karkara tun 1993, da kwamitocin filaye har matakin ƙauye, ga dokar kiwo ta 2010. Ghana ma, bayan fari da gobarar 1983 da suka cinye gonakin koko da na abinci, ta yi dokar wutar daji a 1990, wadda ta dogara da 'yan sa-kai na ƙauyuka. Amma 'yan sa-kai ba sa tsirowa da kansu, sai wani ya tara su, ya koya musu, ya riƙa leƙa su.

'Yan uwa na Najeriya, kada ku ce wannan can ne. Idan filin kiwo ya ƙone a arewacin Nijar, shanu kan gangaro kudu da wuri, tun manomi bai gama kwashe dawa da wake ba, tun hukuma ba ta sanar da sakin gonaki ba. Rikicin da ke biyo baya kowa ya san shi. Makiyayan da suka tsaya a can kuma, kafin ruwan farko sun sayar da saniya a wulaƙance don sayen dusa.

Roƙona ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke tallafa wa aikin: kuɗin share hanyoyi su fito tun ciyawa na ɗanya, domin hanyar da aka share a Janairu ta makara. A biya ma'aikata kan lokaci. Kowane kwamitin ƙauye ya samu waya da lambar wanda zai kira, a kuma sa wa mai bin rugage man babur a kasafi, a koma a sake zama da mutanen nan bayan hunturu a ji abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba.