Agwagwar Turai a bangon Jidda, tamu fa?

A shagon ɗinkin wani ɗan uwanmu a nan Jidda akwai hoto rataye a bango: agwagi biyu a kan ruwa, namijin mai koren kai da farin zobe a wuya, ciyayi a bayansu. Wanda ya zana shi ya zauna ya lura, don har jiƙon gashin ƙirjinsu kana gani. Duk ranar da na je karɓar ɗinki sai na tsaya a gabansa, hankalina ya koma tafkin Dagona da ke kusa da Gashuwa.

Ni mutumin Gashuwa ne. Da sanyin hunturu tafkin nan cika yake da kirinjijiya da dinya, ga ƙananan agwagi da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka wurinmu. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, Yarima Filib, da kansa ya zo kallonsu a 1989. Amma har na girma ban taɓa ganin hoton kirinjijiya ba, ko a littafin makaranta. Wannan yana ci mini rai.

A Amurka, tun 1934 mai farautar agwagwa sai ya sayi kan sarki mai zanen tsuntsun ruwa, kuɗin kuma a sayi fadamu a killace. Kowace shekara masu zane gasa suke a kan wanda za a buga. A Riyad na ga Wadi Hanifa, inda aka tace ruwan gari aka sake shi kwari, zalɓe ya sauka, iyalai suna shimfiɗa darduma suna shan shayi. Ƙasar hamada ke nan. Mu da Allah ya ba fadamar Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomin shinkafa suna kuka, tsuntsu kuwa ba mai ambatonsa.

Na san maganar malamai a kan hoton abu mai rai, kuma ban raina ta ba. Wanda bai so a bango, a sa wa yara a littafin karatu, su san abin da ke bakin ƙauyensu da sunansa.

Mai shagon a Makka aka haife shi, jikan alhazai ne. Na ce, "Malam, ka san kirinjijiya?" Ya girgiza kai. Na yi masa fito irin nata, ya dakatar da keken ɗinki yana saurare.