Ranar da ogarmu ta haska mana makinta a bango

Larabar da ta wuce a mitin ɗin safe, shugabar sashenmu na jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Ingila ta haska wata takarda a bango, ni na ɗauka jadawalin duti ne. Ashe makinta ne, wanda mu ƙananan ma'aikata muka ba ta. Wata uku baya an raba mana fom ba suna, ana tambaya ko tana sanin hanyoyin jinyar da bincike ya tabbatar, ko tana mara mana baya mu yi aiki da su, ko tana jurewa in abu ya cije. A na ƙarshen nan ta sha ƙasa. Baiwar Allah ta tsaya da kofin shayinta a hannu, ta ce ta gani, ta yarda, ga abu biyu da za ta gyara kafin a sake aunata. Wallahi ni kunya ta kama, har na sunkuyar da kai kamar makina aka karanta.

Kwas ɗin shugabanci take yi, akwai mai horar da ita da ke kiranta lokaci-lokaci ya ji ina aka kwana. Da na bincika sai na ga akwai irinsa mai suna LOCI da Gregory Aarons ya tsara a San Diyego, har a Norwe sun yi amfani da shi a asibitocin masu fama da firgici bayan tashin hankali. Hujjarsu ita ce in ka tura nas ko mai ba da shawara ya koyo CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, ya dawo, amma ogansa bai ba shi lokaci ba, bai duba aikinsa ba, to cikin 'yan watanni zai koma gidan jiya.

Nan Ingila awo ya zame musu jiki. Tun 2008 da suka fara shirin jinya ta hanyar tattaunawa mai suna IAPT, wanda yanzu ake kira NHS Talking Therapies, mai ciwon damuwa duk zuwan da zai yi sai ya cike fom ɗin auna damuwa mai suna PHQ-9, tambaya tara, maki daga 0 zuwa 27. In lambar ta ƙi sauka ba wanda zai ce maka a ci gaba da haƙuri, zama za a yi a tambayi me ya sa. Yana da gajiyarwa fa, wani lokacin ji nake kwamfuta muke jinya.

A gida kuwa kun san yadda take. A je wokshop kwana uku, a karɓi alawus da satifiket, a dawo a saka littafin mhGAP, jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a durowa. Kai ƙaramin nas ka ba oga maki? Ai sai dai ka ba shi a zuciyarka.

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Bayan mitin wata abokiyar aiki ta tambaye ni cikin tausayi wai a ƙasarmu Najeriya har yanzu mari ake sa wa masu taɓin hankali a ƙafa ko? Na ce mata tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro da ke Abekuta, mara lafiya na zaune cikin mutane tare da danginsa, lokacin su nan manyan gidajen kulle ne cike da jama'a. Na yi ta zuba. Ban dai gaya mata cewa dokar masu taɓin hankali ta 1958 muka yi ta ja har sai Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwa ba.

Metron ɗin da ta koya min aiki a gida ba ta taɓa zuwa kwas ɗin shugabanci ba, ita kaɗai da wodi cike, ta san sunan kowa har da na uwarsa. Da an ba ni fom a kanta da na cika mata maki. Mu shida ta horar a shekararmu, huɗu muna waje, kuma tun da na taho ban iya ɗaga waya na kira ta ba.